Haɗin Bayan Isha'i

Unguwarmu ta masu cin guminsu ce. A ƙarshen shekarun 1980 da cikin na 1990, lokacin da nake tasowa a Kurna, kan hanyar Katsina, da wuya ka wuce gida uku a layinmu ba ka tarar da magidancin da ƙarfinsa ne jarinsa ba. Akwai masu buga bulo, akwai 'yan garuwa, akwai masu haƙar rijiya da masu faskare. Amma mafi yawa 'yan dako ne, waɗanda ke sammako bayan sallar asuba zuwa kasuwar hatsi ta Dawanau. Ƙanin mahaifina yana cikinsu. Baffa muke kiransa, kuma a hannunsa na tashi, shi da matarsa da muke ce wa Inna.

Wanda bai taɓa tsayawa a gindin tirela ana lodi ba, ba zai san da wace wahala ake sayen tuwo a irin gidajenmu ba. Ana jingina wani dogon katako daga ƙasa zuwa bakin mota. Mutum biyu su cicciɓi buhu mai kilo 100, na masara ko gero ko wake, su aza wa na uku a ƙeya da kafaɗa. Shi kuma ya hau katakon yana lanƙwasa a ƙarƙashinsa, ya kai ya jefar, ya sauko da sassarfa, ya sunkuya a aza masa wani. Da buhu ake biya, ba da yini ba. Wanda ya tsaya hutu ba mai hana shi, sai dai lissafinsa ya tsaya tare da shi. Motocin da za su Legas ko Maraɗi ko Damagaram ba sa jiran ɗan dako ya miƙe baya.

Ruwa ma ba a cika shansa a tsakiyar lodi ba. Cewa suke yi yana cika ciki, yana sa kasala, ga shi duk zagayawa fitsari asarar buhu biyu ko uku ce. Goro ne abokin aiki. A watan Maris da Afrilu, lokacin da zafin Kano ke haura digiri 40, Baffa kan dawo da magariba rigarsa ta bushe a jikinsa, gishirin gumi ya yi mata farin zane a baya. In zai zauna a tabarma sai ya dafa bango. Ban taɓa jin ya ce ba shi da lafiya ba. Abin da yake cewa shi ne, "Jikin ne ya yi tsami."

Mutum ne mai fara'a, wanda ba ya son a ga gazawarsa. Ranar Juma'a yakan sa farar rigarsa ɗaya tilo, ya goya ni a keke zuwa masallaci, a hanyar dawowa ya saya mini rake. Shi ya dage sai na yi boko, lokacin da sa'o'ina suka fara bin iyayensu kasuwa suna ɗinkin bakin buhu. Yakan ce mini, "Kai biro za ka riƙe. Buhu a kaina ya ƙare."

Zamanin ma ya taimaka wajen tura mutane inda suka faɗa. Tun da aka shigo da tsarin tsuke bakin aljihu na SAP a 1986, zuwa asibitin gwamnati ya zama ka yini a layi, a rubuta maka takarda, a ce ka je waje ka saya. Ga ɗan dako wannan asara biyu ce: ya rasa aikin yini, kuma a ƙarshe kemis ɗin dai zai je. Sai aka yanke hanya. Mai kemis na bakin layi ya zama likitan unguwa, har sunan "Dokta" ya bi shi, ko da yake iyakar karatunsa a harkar shi ne shekarun da ya yi yana yaron shago a wurin ubangidansa. Ba mugun mutum ba ne. Yana ba da bashi, yana buɗe shago cikin dare in an ƙwanƙwasa, ba a rasa shi a suna ko jana'iza. Abin da ya tarar ana yi a sana'ar shi yake yi.

Bayan sallar isha'i shagonsa ke cika. Mu yara mu ake aike, kuɗi a dunƙule a hannu, saƙo a baki: "Wai in ji Baffa a haɗa masa na ciwon jiki." Tambaya ɗaya tak ake yi maka: "Na nawa?" Daga nan sai ya jawo kwalaye huɗu ko biyar daga kanta, ya ɗauki ɗan almakashinsa da ke ɗaure da zare a jikin tebur, ya dinga yanko ƙwaya ɗai-ɗai daga kowane kati: wata fara mai faɗi, wata 'yar mitsitsiya, wata ruwan ƙasa mai santsi, wani kafso mai launi biyu, da wata rawaya da ake cewa ta ƙarin kuzari ce. Ya zuba a 'yar leda, ya ƙulle bakin, ya ce, "A sha gaba ɗaya." Wannan shi ne haɗi. Ba mai sanin sunan ko ɗaya a ciki. Da launi ake gane su, har ka ji wani yana cewa, "Dokta, ƙara mini ruwan ƙasar nan, ita ce mai aiki."

Baffa kan zazzage su a tafin hannu, ya watsa a baki, ya bi da kurɓi ɗaya daga moɗa, ya kwanta. Da asuba sai ya miƙe garau. Maganin yana aiki, shi ya sa ake ta sayensa. Mutumin da ya kwanta ba ya iya juya wuya, ya wayi gari ya ɗauki buhu, me za ka gaya masa ya ji? Da farko sai ranar da aka yi babban lodi yake aike. Sannu a hankali ya zama kowane dare, daga baya aka ƙara da na safe, don jiki ya saki kafin a fara aiki. A farkon shekarun 1990 azumi a tsakiyar bazara yake faɗowa, shi kuwa da sahur yake haɗiye su, sannan ya yini yana hawa katako ba ɗigon ruwa a maƙogwaronsa. Ba shi kaɗai ba ne. Kakarmu tana da nata kafso na ciwon gwiwa da take ƙullewa a bakin zane, mata masu surfe da wankau suna da nasu, samari masu buga ƙwallo a filin makaranta suna sha kafin wasa.

Hausawa sun ce jiki magayi, amma ƙoda ba ta cikin gaɓoɓin da ke saurin kai ƙara. Abin da muka fara gani a jikin Baffa, wajen farkon shekarun 2000, bai yi kama da ciwo ba. Yana yawan tashi fitsari cikin dare. Yana ƙorafin ciwon ƙeya, wanda shi ma haɗin ake sayo masa. Sai fuskarsa ta fara wayar gari a cike, har maƙwabta na yi masa barka da ƙiba. Wata safiya takalmin danƙon da yake zuwa kasuwa da shi ya ƙi shiga ƙafarsa. Inna ta durƙusa ta danna babban yatsanta a ƙwaurinsa. Da ta ɗaga sai wurin ya lotsa, ya tsaya a lotse, bai ciko ba har ta je ta ɗauko masa silifa ta dawo. Ta dube shi ta ce, "Malam, wannan ba ƙiba ba ce."

Aka shiga neman magani irin namu. Wani ya ce shawara ce, wani ya ce sanyi ne ya taru, wani ya ce jifa aka yi masa don ya fi abokan aikinsa samun lodi. Aka jiƙa saiwoyi, aka yi turare, haɗin kuma bai tsaya ba, domin yanzu ciwon jikin ƙaruwa ya yi. Sai da amai ya zo, da shaƙuwar da ke kwana ba ta yanke ba, da ƙaiƙayin da ya sa shi susa har fatarsa ta yi fari, sai da ya kasa kwanciya a miƙe saboda numfashi, sannan aka nemo mota zuwa asibiti.

Likitan da ya duba shi matashi ne. Ya auna jini ya sake aunawa, ya aika a gwada jini da fitsari, aka yi hoton ciki. Da sakamako ya fito, ya zauna a bakin gadon ya ce, "Baba, wane magani kuke sha a gida?" Baffa ya ce babu, shi bai taɓa kwanciya asibiti ba. A wurinsa haɗi ba ya cikin lissafin magani, a sahun goro da shayi yake. Inna ce ta tura ni gida na ɗauko gwangwanin madarar da yake tara ragowar ƙwayoyi a ciki. Likitan ya juye su a kan wani tire na ƙarfe, ya dinga juya guntayen katin yana harhaɗa haruffan da almakashi ya bari. Ya ware guda huɗu gefe ɗaya, ya karanta abin da ke rubuce a bayansu: diclofenac, piroxicam, ibuprofen, indomethacin. Ya ce, "Baba, waɗannan huɗun suna ne kawai ya bambanta su, 'yan gida ɗaya ne. Wanda ya sha su tare ya sha magani ɗaya ninki-ninki." 'Yar mitsitsiyar kuma ya ce wani jinsi ce dabam, amma ita ma tana tayar da hawan jini in an daɗe ana sha.

Bai ɗora wa ƙwayoyin laifin duka ba. Ya ce Baffa ya daɗe da hawan jini ba a sani ba, kuma hawan jini da ciwon suga su ne kan gaba wajen kashe ƙoda a duniya. Amma ƙwayoyin nan da ake sha kullum a kan busasshen jiki su suka yi ta rura wutar, kuma hoto ya nuna ƙodojin biyu duk sun tsuke. Baffa ya daɗe yana kallon tiren, sannan ya ce, "To likita, ranar da ban sha ba, wa zai ɗaukar mini buhun?" Likitan bai amsa ba. Ni kuwa tambayar nan ba ta bar ni ba har yau.

Daga nan muka san wankin ƙoda. Ana sa wa mutum roba a babbar jijiya, a wuya ko a matsematsin cinya, jini ya fita ta wata siririyar tiyo zuwa na'ura, ta tace shi, ta cire ruwan da ya taru, ya dawo ta wata tiyon. Awa huɗu ake yi, kuma ƙa'ida sau uku a mako, har iyakar rai, sai fa in an samu dashe. Bayan wankin farko Baffa ya farfaɗo, ya nemi tuwo, ya tambayi labarin kasuwa, muka ɗauka an gama. A hankali muka gane na'urar ba ta warkar da ƙoda, aikinta kawai take karɓa na 'yan kwanaki. Kuɗin wanki ɗaya ya fi abin da yake samu a makonni. Aka sayar da gonar gado ta ƙauye. Inna ta fitar da kwallayenta na aure da keken ɗinkinta. 'Yan dako suka zagaya da hula a kasuwa, suka kawo kuɗi a cukurkuɗe da ƙurar hatsi a jiki, ba sau ɗaya ba ba sau biyu ba. Duk da haka wanki ya koma sau ɗaya a mako, ya koma sai in ya kumbura, ya koma babu. A rediyo muna jin an fara dashen ƙoda a ƙasar nan, a Legas a 2000, sannan a Asibitin Koyarwa na Malam Aminu Kano a 2002, amma wannan labari ne na wasu gidajen. Baffa ya rasu da damina, bai cika hamsin ba. Allah Ya jiƙansa. Cikin 'yan shekaru wasu abokan lodinsa suka bi ta hanya iri ɗaya: kumburi, amai, asibiti a makare.

Daga baya Allah Ya sa na yi karatu, na zama malamin kimiyyar halittu a sakandare, kuma duk shekarar da muka zo darasin ƙoda sai na daɗe a kansa fiye da yadda manhaja ta tanada, domin na san da yawa daga cikin yaran da ke gabana su ake aike kemis da dare. Ƙoda biyu ce, kowace ba ta wuce dunƙulen hannu ba, amma kusan kashi ɗaya cikin biyar na jinin da zuciya ke bugawa ta cikinsu yake bi. A kowace akwai ƙananan matatai kimanin miliyan ɗaya. A yini guda suna tace ruwa wajen lita 180 daga jini, su mayar da kusan duka, su fitar da kimanin lita ɗaya da rabi a matsayin fitsari, tare da dattin jiki da gishirin da ya yi yawa. Aiki ne da ba ya yiwuwa sai jini yana isa da ƙarfinsa.

In mutum ya zubar da gumi sosai, ko gudawa da amai suka zuƙe shi, ruwan jikinsa kan ragu, sai jiki ya tsuke jijiyoyi don ya tattala jini ga zuciya da ƙwaƙwalwa. A irin wannan lokaci ƙoda tana da dabararta. Tana samar da wasu sinadarai da ake kira furostagilandin, su buɗe 'yar jijiyar da ke kai jini ga kowane mataci. Duk wanda ya yi noman rani ya san irin wannan: in ruwan rijiya ya ja baya, mai lambu kan sa fartanya ya faɗaɗa bakin hanyar ruwa don fangalin ƙarshe ya samu. To, dangin sinadaran nan su ne kuma ke haddasa zafi da kumburi a tsokar da ta wahala, kuma aikin su ibufurofen da daikulofenak shi ne hana jiki samar da su. Ƙwayar ba ta bambance kafaɗa da ƙoda. Tana kwantar da tsamin jiki, tana kuma ƙwace fartanyar daga hannun mai lambu a daidai lokacin da ruwa ya yi ƙasa. Mai lafiya da ya ƙoshi da ruwa, in ya sha na kwana biyu ko uku, ƙodarsa ba ta cika damuwa ba. Wanda ya yini a rana yana zubar da gumi, shi ne matatansa ke kwana jini bai ishe su ba. Wasu su farfaɗo, wasu su mutu, kuma wanda ya mutu jiki ba ya ƙera madadinsa. Da yake suna da yawa, waɗanda suka rage sukan ɗauki aikin, shi ya sa mutum kan rasa mafi yawan ƙarfin ƙodarsa yana ta harkokinsa bai sani ba.

Akwai kuma wani zagaye da na gane shi ya ci Baffa. Magungunan nan suna sa jiki riƙe gishiri da ruwa, jini ya hau. Jini ya hau, ƙeya ta yi ciwo, a aiki yaro kemis, a ƙara sha, jini ya ƙara hawa, ƙoda ta ƙara rauni, raunin ƙoda kuma shi ma yana ɗaga jini. Mai shan maganin hawan jini ma bai tsira ba. Likitoci sun san cewa haɗa irin su lisinofiril ko losatan da maganin sa fitsari da ɗaya daga cikin ƙwayoyin nan na iya tsayar da ƙoda cikin 'yan kwanaki, musamman ga tsofaffi. Haka yaron da ke gudawa da amai aka ɗura masa ruwan ibufurofen don zazzaɓi. Haka mai juna biyu: a 2020 hukumar kula da abinci da magunguna ta Amurka ta gargaɗi mata su guje su daga mako na 20, domin suna taɓa ƙodar ɗan tayi, ruwan mahaifa ya ragu.

Abin da ya fi ci mini rai shi ne, duk wannan ba sabon ilimi ba ne. Masanin Ingila John Vane ya bayyana yadda asfirin da danginsa ke toshe furostagilandin tun 1971, aka ba shi kyautar Nobel a 1982, tun kafin a fara aikena kemis. Kafin shi ma, a 1953, likitoci biyu a Suwizalan, Spühler da Zollinger, sun ba da rahoton wata irin lalacewar ƙoda da aka danganta da yawan shan haɗin maganin ciwo mai ɗauke da finasetin, sinadarin da ke cikin ƙwayar APC da iyayenmu suka sani. Masu haɗa agogo a masana'antun ƙasar suna shan irin haɗin ne don su jure zaman yini da ciwon kai. A Ostireliya garin magani ne a 'yar takarda, matan gida da ma'aikatan masana'anta suna sha sau da yawa a yini, har wata likita, Priscilla Kincaid-Smith, ta tashi tsaye a shekarun 1960 tana nuna cewa shi ke cika asibitoci da masu ciwon ƙoda. Kafin ƙarshen shekarun 1970 an cire finasetin, an hana sayar da irin wannan haɗi barkatai, cutar kuma ta yi ta ja baya. Amurka ta haramta finasetin a 1983. Magungunan yau ba finasetin ba ne, amma mai shan su bai sauya ba: ma'aikaci ne mai gajiya, da ƙwaya mai araha, a haɗe, kullum. Waɗancan ƙasashe doka suka gyara, suka kuma yi wa mutane bayani da harshen da suke ji. Mu a layinmu ba wanda ya taɓa jin magana ɗaya da Hausa cewa maganin ciwon jiki yana da alaƙa da ƙoda.

Sai dai gargaɗi kaɗai ba ya amsa tambayar Baffa. Amsar da ta fi kusa na same ta ne a labarin masu yankan rake na Amurka ta Tsakiya. A El Salbado da Nikaraguwa, musamman garin Chichigalpa, samari majiya ƙarfi, ba suga ba hawan jini, sun shafe shekaru suna mutuwa da ciwon ƙoda. Su ma da yawan abin da suka yanka ake biyansu, su ma a rana suke yini, su ma ƙwayar ciwon jiki suke sha don su kai gobe. Masu bincike sun fi ɗora alhakin a kan aikin ƙarfi cikin zafi da ƙarancin ruwa a jiki, suna kuma lissafa ƙwayoyin cikin abubuwan da ke iya ta'azzara shi. Abin da aka gwada a wasu gonakin bai fi ƙarfin kowa ba: ruwa mai tsabta kusa da ma'aikaci, rumfar da ake ja tana bin masu aiki, da hutun dole lokaci-lokaci. Raunin ƙoda a lokacin girbi ya ragu a fili. Ba a ce wa mai yankan rake ya bar aikinsa ba, aikin aka gyara masa.

Yanzu in na bi ta Dawanau nakan ga abubuwa sun sauya: gine-gine, manyan sito-sito, riɗi da citta da zoɓo da ake fitarwa ƙasashen waje, kowa da waya a aljihu. Katakon dai yana nan. Haɗin ma yana nan, har ya samu sababbin masu saye: 'yan adaidaita sahu, 'yan acaɓa, leburorin gini, masu tura baro. Wasu ma a cikin maganin kwalba da aka ce na gargajiya ne suke shan sa ba su sani ba, domin an sha gano irin waɗannan da aka daka musu ƙwayoyin bature a ciki.

Ba cewa nake a jefar da magungunan nan ba. Rahama ce ga mai ciwon haƙori, ga wanda ya yi targaɗe, ga wadda ciwon mara ya kwantar, in an sha iri ɗaya, daidai ƙa'ida, bayan an ci abinci an sha ruwa, na 'yan kwanaki. Wanda likita ya ɗora a kan ƙaramin asfirin don zuciya kada ya bari sai da shawarar likitansa. Ga ciwon jiki na yau da kullum farasitamol ya fi sauƙi a kan ƙoda, ko da yake shi ma in an wuce ƙa'ida hanta yake ci. Na shafawa a gwiwa ko baya kuwa kaɗan ne daga cikinsa ke shiga jini. Roƙona ga 'yan'uwana masu kemis shi ne su ƙara tambaya a kan "na nawa?". Kana da hawan jini ko suga ko gyambon ciki? Tun yaushe kake shan wannan? Ka sha ruwa yau? Kuma su daina zuba 'yan gida ɗaya a leda ɗaya. Wanda ya san ya yi watanni yana sha, ya je a auna masa jini, a gwada fitsari, a duba sinadarin kiriyatinin a jininsa, domin kuɗin gwajin nan bai kama ƙafar kuɗin wanki ɗaya ba. Ranar Ƙoda ta Duniya tana faɗowa ne Alhamis ta biyu a watan Maris, daidai lokacin da zafi ke kankama a ƙasar Hausa. Da ƙungiyoyin likitoci za su riƙa kai awo kasuwanni da tashoshin mota a ranar, da sun tarar da masu bukata a inda suke.

Babban roƙona kuwa ga masu kayan da ake lodawa ne da shugabannin kasuwa. Baffa bai sha haɗi don marmari ba. Ya sha ne don mu ci tuwo, mu je makaranta, kuma karatun da nake koyarwa yau a wuyansa aka ɗauko kuɗinsa. Irinsa suna nan birjik a Dawanau da Singa da Kantin Kwari da 'Yankaba, da kowace babbar kasuwa a ƙasar nan. Randar ruwan sanyi a gindin kowace mota, rumfa a kusa, da yarjejeniyar cewa in rana ta take za a dakatar da lodi na ɗan lokaci ba tare da wani ya rasa layinsa ba, duka ba su kai kuɗin 'yan buhuna ba cikin ɗaruruwan da ake lodawa. Mun taso muna jin malamai suna cewa shayar da ruwa yana cikin mafifitan sadaka. Ga masu ƙishi nan a ƙofar shagunanku, ɗauke da dukiyarku a wuya. A fara da su.